Idan Ranar Hutu Ta Faɗo A Ƙarshen Mako

Tambaya: Malam, idan ranar hutu ta faɗo Asabar ko Lahadi a Amurka da Ingila, shi ke nan ma'aikata sun yi asararta?

Amsa: A'a, ana rama musu. A Amurka, idan 4 ga Yuli, ranar samun 'yancin kan ƙasar, ta faɗo Asabar, kamar a 2026, ma'aikatan tarayya su huta Juma'a. Idan Lahadi ce, su huta Litinin. Ingila kuwa gaba take turawa kullum. A 2021 Kirsimeti ta faɗo Asabar, hutun kashegarinta ya faɗo Lahadi, sai aka huta Litinin 27 da Talata 28 ga Disamba. A nan masu jiran kuɗi daga can ke tuntuɓe, don a irin wannan shekarar bankunan Ingila kwana huɗu suke rufe. Ka sa a turo tun kafin Alhamis.