Get Mai Rimot: Ka Fara Tambayar Makullin Hannu

Tambaya: Na kammala ginina a Kaduna, ina son sa get mai buɗewa da rimot. Mai sayarwa ya ce injin yana da batir, ko NEPA ta ɗauke wuta ba matsala. In saya?

Amsa: Malam, saya, amma batirin nan kada ya ruɗe ka. Ƙaramin batir ne, zafin ƙasarmu na cinye shi, kuma ranar da zai mutu ba sallama zai yi maka ba. Abin dubawa shi ne makullin hannu. A jikin injin get mai zamewa akwai wani murfi da ake buɗewa da ɗan makulli, sai injin ya saki giyar, ka tura ƙofar da hannu. Duk injin da ba shi da wannan, ko kyauta aka ba ka, bar musu kayansu.

Kuma samunsa kawai bai wadatar ba. Ga misali: jiragen sama ƙirar Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Indonesiya a 2018 da na Habasha a 2019, mutum 346 suka hallaka. Na'ura ce ta riƙa dunƙufar da hancin jirgin bisa bayanin ƙarya. Matuƙan na Habasha sun kashe ta, amma saboda tsananin gudu, abin juyawa da hannu don ɗaga hancin jirgin ya yi musu nauyi. Don haka ranar da aka ɗaura get ɗin, a kashe wuta, uwargida ta buɗe shi da kanta, mai gadi ma ya gwada. In sai ƙarti biyu sun taru kafin ya motsa, a sake daidaita layin da get ɗin ke zamewa a kai. Makullin a rataye shi inda kowa ya sani, ba cikin motarka ba. Sannan injin daga ciki yake. In ba ƙaramar ƙofa mai kwaɗo, wata rana ta katanga za ka shiga gidanka.

Tambaya: Na sa inbata, wato na'urar da ke ba gida wuta daga batir, mai sauya layi da kanta. Mai gyaran wuta ya ce in ƙara canjoba, wato abin sauya layin wuta, ta hannu. Ba neman kuɗi ba ne?

Amsa: A'a Hajiya, gaskiyarsa. In inbatar ta lalace alhali duk wutar gidan ta cikinta take bi, ga wuta a unguwa ku kuna duhu. Da canjoba sai a tsallake ta a koma layin NEPA ko janareta. A sa, a rubuta a jiki wane ɓangare ne wane.