Wane irin rubutu zan sa a allon shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan wurin sayar da abinci a wajen Shara Mansur nan Makka, tuwo da masa da ƙosai, yawancin masu zuwa alhazanmu ne. Yaron da ke min zane a kwamfuta ya ce a rubuta allon da takardar farashi da wani font, wato salon haruffa, wai shi Futura, wai shi ake yayi. Ni dai na ga haruffan duk zagaye-zagaye. Anya ya dace kuwa? Daga wata Hajiya a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Yaron bai yi ƙarya ba amma fa Futura ba sabon abu ba ne, wani Bajamushe Paul Renner ne ya zana shi, aka fitar da shi tun 1927, ya gina haruffan a kan da'ira da miƙaƙƙen layi da kusurwa uku, shi ya sa kika ga O ɗinsa kamar bakin faifai, kuma babu 'yan ƙafafun nan da ke ƙarshen haruffan wani font ɗin kamar Times New Roman. Kaurin layin kusan ɗaya ne ko'ina. Don allo kam ya yi, mutum na cikin bas ma zai karanta daga nesa. Allon da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969 ma da shi aka rubuta.

Takardar farashi ce ban yarda ba. Ƙaramin a na Futura zagaye ne da sanda a gefe, in rubutu ya ƙanƙance sai ya yi kama da o, ga babban I da ƙaramin l kusan ba bambanci, to dattijon da ya dawo daga Harami a gajiye kuma ya manta tabarau a masauki ai sai ya yi ta ƙifta ido. In dole sai da shi, a ƙara girma a ba haruffan tazara.

Amma abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Fonts da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, kwamfuta sai ta aro daga wani wuri harafin ya fito bambarakwai, ko ma ɗan akwati ya fito. Ki sa yaron ya rubuta ƙosai da ɗanwake a gabanki ki gani da idonki kafin ki biya ko riyal ɗaya.

Sai Larabci, tunda shi ma zai hau allon. Yaron ya duba font ɗin Cairo ko Tajawal a shafin Google Fonts, kyauta ne kuma suna tafiya da irin wannan zubin. Shi Futura na asali sayen sa ake yi, in kuɗin ya yi yawa Montserrat na nan kyauta, ɗan gidan su ne, shi ma dai a gwada masa ƙ ɗin.

Kafin a kai wa masu buga allo, ya fitar a takarda ki manna a bango ki tsallaka titi bayan magariba ki duba.