Lambar KJA a Kano: amsa ga ɗan'uwan da ya sayi mota daga Legas

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi mota mai lambar KJA, kana zaune a Kano, kuma ana ce maka dole ka canza. Wallahi wannan damuwar da yawanmu a nan mun san zafinta.

Lambar kowace jiha tana aiki a ko'ina a Najeriya. Sunan jiha yana sama, haruffa ukun farko kuma ƙaramar hukumar da aka yi rajista ce, cikin 774 da muke da su. KJA Ikeja ce. A tsohuwar lamba ta kafin 2011 haruffan a ƙarshe suke. Sau da yawa ma sunan hedikwata ake ɗauka, shi ya sa mutane ke rikicewa: DKA Doka ce, wato Kaduna ta Arewa, MKA Makera ta Kaduna ta Kudu, KAF Kafanchan ta Jema'a. Namu na Kano sun fi sauƙi, KMC Birni da Kewaye ce, DAL Dala, FGE Fagge, NSR Nasarawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, da sunan wa lambar take? Muddin ba ka yi canjin mallaka ba, a rajista motar ta tsohon mai ita ce. Ranar da aka sace ta, Allah ya kiyaye, da me za ka kafa hujja? Ɗauki takardar ciniki, takardar mallaka, takardun kwastam, lasisin mota da inshora, ka je ofishin rajistar motoci na jiha da ƙafarka. Ka gwada lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, da wadda ke takarda, ɗaya bayan ɗaya.

Kuma don Allah ka guji masu tare mutum a bakin ƙofa suna "kawo a yi maka yau-yau". Mutanen nan ba su da tausayi. Su karɓi kuɗinka, su buga maka lamba mai kyalli wadda ba ta cikin kwamfuta, ko wadda wata motar ke ɗauke da ita. Sai an tsayar da kai a hanyar Abuja da iyali a ciki, rana na dukanku, ka kira lambarsu a kashe. Duba lambar motar a shafin FRSC, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, kafin ka ɗaura.

Ka lura da launi ma: rubutu shuɗi na motar gida ne, ja na haya, kore na gwamnati. Idan haya za ka yi da ita, ja za ka nema.