Hukuncin mai zuga yaro ya gudu daga hannun mai riƙonsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Na ji ana shawarar a riƙa ɗaure duk wanda ya zuga yaro ya gudu daga hannun mai riƙonsa. Shari'a ta yarda da haka? Akwai wata 'yar riƙo a maƙwabtanmu a unguwar Mabera da ke Sakkwato, kullum duka da horon yunwa, har na ce mata ta koma ƙauye wurin uwarta. Ni ma na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, hure wa yaro kunne ya bar wanda Shari'a ta ba riƙonsa haramun ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ba ya cikinmu wanda ya ɓata tsakanin mace da mijinta. Idan an faɗi haka a kan baliga mai hankalinta, ina ga yaron da alewa ko alkawarin waya ke jansa? Laifin ba shi da haddi, wato hukuncin da Shari'a ta ƙayyade, don haka ta'aziri ne, shugaba na da ikon yanka masa ɗauri ko tara gwargwadon maslaha. Tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa ma, a sashe na 271, ta lissafa yaudarar namiji ƙasa da shekara 14 ko mace ƙasa da 16 daga hannun waliyyi cikin satar mutane.

Sai dai kafin alƙali ya ɗaure kowa, ya fara tambaya: wa ke da haƙƙin riƙon? A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, uwa ce ke da shi bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure mijin ya tare da ita, bayan uwa kuma dangin uwa ke gaba. Sau nawa uba ke ƙwace yaro ranar saki ya miƙa wa kishiya, sannan in uwar ta neme shi a ce ta zuga shi? Dokar da za ta ɗaure wannan uwa ta saɓa wa Shari'a. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar Ƙiyama. Haka kuma riƙo amana ce, mai azabtar da yaro ya zubar da haƙƙinsa da hannunsa.

Ke kuwa niyyarki ta taimakon wanda ake zalunta ce, ba ki cikin masu ɓata tsakani, amma hanyar da kika bi akwai haɗari. Yarinyar da ta fita ita kaɗai ta nufi tasha, masu safarar yara ba su da nisa da ita. Ki aika wa uwarta ta zo da kanta, ki sanar da mai unguwa ko limamin unguwa. In abin ya faskara, a kai ga Hisba ko kotun Shari'a, ga kuma dokar kare yara da jihar Sakkwato ta sa wa hannu a 2021. Wallahu a'alam.