Tambaya da Amsa: Keken da ake tuƙawa a kishingiɗe, da gaske ya fi gudu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, kullum a keke nake zirga-zirga. Na ga bidiyo a Facebook wani bature yana tuƙa keke a kishingiɗe kamar wanda ya ci tuwo ya jingina da bango, feda tana gaba, wai kuma yana wuce masu keken tsere. Dan Allah gaske ne ko haɗin kwamfuta? In gaske ne me ya sa ba a ganinsa a babban tseren keke na Tour de France? Kuma mai walda zai iya haɗa min?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaske ne wallahi, kuma sirrin ba a ƙafa yake ba, a iska yake. Ka tuna ranar da ka fito da safe cikin hunturu iska ta tare ka a hanyar Shika, rigarka ta kumbura kamar balan-balan, kana ta taka feda amma kamar wani ya riƙe maka kariyar ɗaukar kaya ta baya? To ko ba hunturu, da zarar ka haura kilomita 30 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, mafi yawan ƙarfinka wajen ture iska yake tafiya. Kai kana zaune a sirdi ƙirjinka a buɗe kamar ƙyaure, shi ko na kishingiɗe ƙafa ce a gaba jiki na biye, wurin da iska za ta doka kaɗan ne, shi ya sa da ƙarfi iri ɗaya sai ya bar ka a baya.

Maganar tsere kuma, ai gudun nasa ne ya ja masa. Wani Bafaranshe Charles Mochet ya ƙera irinsa, ya ba Francis Faure wanda ba ya ma cikin manyan zakarun lokacin, ranar 7 ga Yuli 1933 a Faris mutumin nan ya yi kilomita 45.055 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin Oscar Egg na kilomita 44.247 da ke nan tun 1914. Nan fa aka yi ta ka-ce-na-ce, wai wannan keke ne ko ba keke ba, a 1934 hukumar tseren keke ta duniya UCI ta sake dokar siffar keke yadda na kishingiɗe ba zai shiga ba. A ganina dai borin kunya ne, amma dokar na nan har yau. Masu shi sai suka ja nasu zugar. A Battle Mountain ta jihar Nebada a Amurka suke haɗuwa, can ne a 2016 wani ɗan Kanada Todd Reichert ya kai kilomita 144.17 a awa, sai dai kar ka ruɗe, nasa an rufe shi ruf cikin ƙwanso kamar ƙwai, ko taga babu, ta kyamara yake ganin hanya.

Amma fa a hawan tudu labari ya sha bamban, ba ka da damar miƙewa tsaye ka danna feda da nauyin jikinka, ga shi yawanci ya fi nauyi, sai dai ka sauko giya ka yi ta juyawa. Sa'arka ɗaya Zariya ba ta da tudu sosai. Kuma makonnin farko za ka ga kamar gudunka ma raguwa ya yi, cinya da ɗuwawu sai sun saba, tashi daga tsaye kuwa sai ka yi tangal-tangal kamar ranar da aka fara koya maka keke.

Mai walda zai iya in ya gane zanen. Za a buƙaci tsofaffin kekuna biyu, ƙaramar taya inci 20 a gaba, 26 a baya, mazauni na katako da soso, sarƙa kuma sai an haɗa kusan ta keke uku saboda nisan feda da tayar baya. Kafin ya yanka ƙarfe ka zauna a ƙasa ka jingina da bango ka miƙe ƙafa, a auna daga bango zuwa diddige, da wannan awon za a sa feda, in aka kuskure gwiwarka ce za ta biya. Zai yi nauyi, kar ka sa ran gudun bidiyo. Ka ɗaura masa tuta mai tsawo, kuma dan girman Allah kar ka shiga Kwangila da shi, kana ƙasa-ƙasa sosai, direban tirela ba zai gan ka ba balle ɗan acaba da ke sauri.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a Tudun Wada, ciwon baya ya raba ni da keke. Wannan zai yi min?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ta wajen zama ya fi sauƙi, baya na jingine, wuya da hannu ba sa ɗaukar nauyi, akwai ma mai taya uku da ba ya faɗuwa in an tsaya. Matsalar ramuka ne, tunda ba a iya ɗaga jiki duk ramin da aka faɗa bayan ne zai sha. A fara jin ta bakin likita tukun, in ya yarda a gwada a fili da sassafe.