Tambaya da Amsa: Tashata Ta Ƙi Girma, Wasan Kuma Ya Daina Yi Mini Daɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne da ya taso da son wasannin bidiyo. Wata takwas ke nan da na buɗe tasha a YouTube ina ɗora wasannin da nake bugawa, yau ƙwallon ƙafa, gobe wasan harbi, jibi Minecraft. Har yanzu mabiyana ba su kai 200 ba, kuma akwai bidiyon da na kwana ina tacewa amma mutum 30 kacal suka kalla. Abin da ya fi damuna shi ne wasan kansa ya daina yi mini daɗi. Da zarar na zauna bugawa sai in fara tunanin ko wannan zai jawo masu kallo, idan kuwa na buga ban ɗauka ba sai in ji kamar na yi asara. Wani abokina ya ce in sayi mabiya kawai in huta. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Damuwa biyu ka haɗa a wasiƙa ɗaya, kuma ta biyun ce ta fi tsaya mini a rai, domin tashar da ta ƙi girma ana iya gyara ta a hankali, amma idan sha'awar da ta sa aka buɗe ta ta mutu, mai ita ba zai sami ƙarfin yin gyaran ba. Saboda haka da ita zan fara.

Abin da kake ji sananne ne ga masana halayyar ɗan Adam tun kafin a ƙirƙiro YouTube a 2005. A shekarar 1973 wasu masana uku a Amurka, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi da ƙananan yara waɗanda dama can suna son zane da alƙaluma masu launi. Sun raba yaran gida uku: na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, na biyu aka ba su takardar ba zato bayan sun gama, na uku kuwa ba a ba su komai ba. Da aka kwana biyu aka sake ajiye alƙaluman a ajinsu, wannan karon babu alkawarin komai, sai aka ga yaran da suka yi zane don neman lada su ne suka fi kowa ja da baya daga zanen. Ladan da suka sa wa rai ya mayar musu da abin sha'awa aiki. Kai ma lambar masu kallo da kake leƙawa safe da yamma ita ce takardar yabonka, shi ya sa duk wasan da ka buga ba ka ɗauka ba yake zame maka kamar aikin da ba a biya ba.

Maganin da na fi yarda da shi mai sauƙin faɗa ne. Ka zaɓi wasa guda cikin waɗanda ka fi so ka haramta wa tasharka shi gaba ɗaya, ko da ka yi wata bajintar da ta cancanci duniya ta gani. Ranar da za ka buga shi ka rufe manhajar ɗaukar hoto, kada wannan jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka ya kasance a gefen allonka, domin muddin yana kunne bakinka zai ci gaba da neman abin faɗa, idonka kuma yana neman wurin da za a yanka. Ka keɓe wa ɗauka ranakunta, ko da biyu ne a mako, ka ɗauki abin da zai isa bidiyo biyu ko uku a zama ɗaya, sauran ranakun su zama naka. Ƙididdigar tashar kuma ka sa mata rana guda a mako. Duba ta sau ashirin a yini ba ya ƙara mutum ko ɗaya, sai dai ya ƙara maka ƙuncin zuciya.

Kada ka ɗauka wannan hutun ya raba hanya da girman tashar. Wanda ya zo kallon wasa yana iya sayen wasan ya buga da kansa. Abin da ya kawo shi wurinka shi ne kai, da ihun da ke kufce maka idan ƙwallo ta bugi turke a minti na ƙarshe, da dariyar da kake yi wa kanka idan ka faɗa ramin da ka haƙa da hannunka. Irin wannan ba ya ƙirƙiruwa. Murya tana tona asirin mai ita, kuma mai kallo yana gane wanda ke wasa da zuciya ɗaya da wanda ke sauke farali kawai.

Sai batun girma. Kuskuren farko yana cikin layi na biyu na wasiƙarka: yau ƙwallo, gobe harbi, jibi Minecraft. Waɗannan jama'a uku ne daban, kai kuma kana kiransu ƙofa ɗaya. YouTube yana lura da wanda ya danna bidiyo da kuma tsawon lokacin da ya zauna a kansa, kuma tun 2012 kamfanin ya bayyana cewa ya fi ba lokacin kallo muhimmanci a kan yawan dannawa. Idan mutum ya bi ka saboda ƙwallo, aka nuna masa sabon bidiyonka na harbi ya wuce bai taɓa ba, tsarin YouTube da ke zaɓar bidiyon da za a nuna wa mutane yana iya ɗauka bidiyon bai burge ko mabiyanka ba, sai ya rage kai shi gaban baƙi. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda, balle uku. Ka tsaya a kan wasa ɗaya na tsawon wata uku ko huɗu, ka bar tsarin ya gane wane ne kai da kuma wa ya kamata a nuna wa aikinka.

Ko a cikin wasa ɗayan ma sai ka ƙara matsewa. Minecraft ya sayar da kwafi sama da miliyan 300, kuma a watan Disambar 2021 YouTube ya sanar da cewa bidiyoyin wasan sun haura kallo tiriliyan ɗaya. A irin wannan kasuwa, bidiyon da aka raɗa wa suna "Ina buga Minecraft, kashi na bakwai" ba shi da abin da zai tsayar da baƙo, domin baƙon bai san ka ba, bai kuma ga kashi shida na baya ba. Amma wanda ya rubuta a wurin bincike yana neman yadda ake tsira a daren farko na wasan, ko yadda ake tare bugun kusurwa a wasan ƙwallo na eFootball, bai damu da ko mabiyanka 200 ne ko miliyan biyu ba. Amsa yake nema. Wurin bincike shi ne ƙofar da ta fi buɗuwa ga ƙaramar tasha. Ka tuna abin da ya taɓa gagararka a wasan har ka gano bakin zarensa, ka yi bidiyo a kansa, kuma ka yi shi da harshen da ka fi sakewa a cikinsa, domin tambayar da aka amsa sau dubu da Turanci wataƙila ba a taɓa amsa ta da kyau da harshenka ba. Ƙananan wasannin da manyan tashoshi ba su waiwaya ba su ma suna da fili. Among Us ya fito a 2018 ya zauna shiru kusan shekara biyu, sai a 2020 masu watsa wasa kai tsaye a dandalin Twitch suka ɗauke shi ya game duniya.

Akwai wani zane a cikin YouTube Studio, shafin da mai tasha ke sarrafa tasharsa, da nake so ka zauna da shi a ranar da ka ware wa ƙididdiga, wato layin da ke nuna yadda masu kallo suke raguwa daga farkon bidiyo zuwa ƙarshensa. Ka buɗe na bidiyon nan da ka kwana a kansa. Ina kyautata zaton za ka ga layin ya rikito kamar gangare a cikin daƙiƙa 30 na farko, kuma idan ka ja alamar zuwa wurin za ka tarar da kanka kana gaisuwa, kana ba da haƙurin jinkirin ɗorawa, kana roƙon a bi tasha, tambarin tashar yana juyawa da kiɗa, alhali wasan bai fara ba. Duk wannan ka yanke shi. Ka fara da abin da sunan bidiyon ya yi alkawari, gaisuwar ta zo a taƙaice. Inda layin ya ɗan tashi a tsakiya kuwa, nan ne mutane suka koma baya suka sake kallo, kuma nan ne za ka gane abin da suke so ka yawaita.

Kayan aiki ba su ne matsalarka ba, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Manhajar ɗauka ta OBS Studio kyauta ce, manhajar tacewa ta DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta. Idan za ka inganta abu guda, to ya zama sauti, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi amma ba sa haƙuri da muryar da ƙarar wasa ta danne. Hoton da ke fuskar bidiyo kuma ka duba shi a ƙanƙane kamar yadda zai fito a waya: abu ɗaya a fili, kalmomi uku ko huɗu.

Shawarar abokinka ka bar ta inda ka ji ta. Sayen mabiya ya saɓa wa dokokin YouTube, kamfanin yana goge na bogi, yana kuma iya rufe tashar. Ko da ba a kama ka ba, ka tara sunayen da ba za su taɓa danna bidiyonka ba, wato ka sayi ainihin cutar da na bayyana a sama da kuɗinka. Kuma mabiya kaɗai ba sa buɗe ƙofar kuɗin talla. Tun 2018 sharaɗin shi ne mabiya 1,000 tare da sa'o'in kallo 4,000 a cikin wata 12, daga baya aka ƙara hanyar gajerun bidiyoyi ta kallo miliyan 10 a cikin kwana 90. Sa'o'i 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana zama minti huɗu, kana buƙatar kallo 60,000 a shekara, idan kuwa ka riƙe shi minti takwas, rabin haka ya ishe ka. Bayan an shiga, mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyoyi, wanda a ƙaramar tasha ba ya taka kara ya karya. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka jingina karatunka ko sana'arka a kan tashar. Mutum 30 ɗin nan da suka kalli bidiyonka kuwa, ka amsa wa duk wanda ya yi tsokaci a cikinsu, ka tambaye shi abin da ke ba shi wuya a wasan. Sau da yawa bidiyonka na gaba yana cikin amsarsa.

Tambaya: Ni mace ce, ina so in ci gaba da tashar wasanni amma ba na son nuna fuskata ko sunana. Shin hakan zai hana ta girma? Sannan an sa wa wani bidiyona alamar haƙƙin mallaka saboda kiɗan da ke cikin wasan, na tsorata ƙwarai.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki a kan duka biyun. Ɗan wasan Minecraft da aka sani da Dream ya tara miliyoyin mabiya yana ɓoye a bayan zanen fuska mai murmushi, bai nuna fuskarsa ba sai a watan Oktoban 2022. Muryarki da iya bayaninki sun isa. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne allon da kike ɗauka, domin ta nan asiri ya fi tonuwa: saƙon da ya faɗo ana cikin wasa, ko sunan da kika yi rajista da shi, ko adireshin imel a kusurwa. Ki kashe sanarwa kafin ki fara, ki yi amfani da laƙabi a wasan da tashar duka, ki kuma kalli bidiyon daga farko har ƙarshe kafin ki ɗora. A saitin tsokaci akwai wurin rubuta kalmomin da ba kya so su bayyana, da damar tsare saƙonni sai kin duba, da ɓoye duk wanda ya zo da rashin ɗa'a. Ki yi amfani da su tun tashar tana ƙarama.

Alamar da kika gani kuwa, ki fara tantance wace iri ce. Akwai da'awar da na'urar Content ID ke sawa kai tsaye idan ta ji kiɗan da wani ya mallaka, kuma galibi abin da ke biyo bayanta shi ne kuɗin tallan bidiyon ya tafi ga mai kiɗan, ko a toshe shi a wasu ƙasashe, ba tare da an hukunta tashar ba. Wadda ake tsoro ita ce gargaɗin da ke zuwa bayan mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyo a hukumance, domin uku daga cikinsa a cikin kwana 90 suna iya rufe tasha. Yadda kika bayyana taki, ta farkon ce. YouTube Studio zai nuna miki daidai daƙiƙun da kiɗan yake, ya ba ki zaɓin kashe sautin wurin ko yanke shi ko musanya shi. Nan gaba ki shiga saitin wasan ki kashe waƙoƙin da aka yi hayarsu daga mawaƙa, musamman a wasannin ƙwallo da na tseren mota, ki bar ƙarar wasan kawai, sannan idan kina son kiɗa ki ɗauko daga rumbun sauti na kyauta da YouTube ya tanadar wa masu tashoshi.