Gyara Kayanka: Kunnen Hagu Ya Ɗauke, Sai Na Murɗa Igiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam Injiniya. Ni tela ce a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Ina da hedifon mai igiya, irin wanda ake ɗorawa a ka, ƙanena ne ya kawo mini tsarabarsa daga Kano da ƙaramar sallar bara. Ba mai tsada ba ne, amma shi ne abokin hirata in na hau keke, da shi nake jin tafsiri da littattafan da ake karantawa. Yau mako uku ke nan kunnen hagu ya ɗauke. In na murɗa igiyar daga wajen da take shiga waya sai ya dawo, ina saki ya sake tafiya. Yarona ya naɗe wurin da salatif, kwana biyu aka koma gidan jiya. Maigida ya ce in jefar a sayi wani, ni kuwa raina bai ba ni ba. Yana gyaruwa, ko in haƙura?
Daga wata mai ɗinki, Fadaman Mada.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaishe mini da maigida, amma wannan karon ke ce da gaskiya. Kada ki jefar.

Ai kin riga kin yi mini rabin aiki. Tunda murɗa igiya na dawo da sauti, to 'yar lasifikar da ke cikin kunnen lafiyarta ƙalau. Da ita ce ta ƙone, ko kwana kika yi kina murɗawa ba za ta ce uffan ba. Ciwon yana cikin igiya.

Da za ki fere robar nan, za ki tarar da wayoyi sirara, ba su fi zaren surfani kauri ba. Ɗaya na kunnen hagu, ɗaya na dama, sai na uku da su biyun ke tarayya a kansa. In hedifon ɗin na da makirfo, akwai na huɗu. Kowanne kuma sili-sili ne na jan ƙarfe da aka murɗe wuri guda. Duk sanda kika ɗora waya a cinya, ko kika cusa ta a jaka da filogi a jiki, igiyar tana lanƙwashewa a wuri ɗaya tak, wato gindin filogi. Yau sili ɗaya ya tsinke, gobe biyu, har ranar da na ƙarshe zai rabu. Kin fi ni sanin yadda riga ke fara yagewa a hammata alhali sauran yadin sabo ne fil. To haka. Murɗawar da kike yi kawai haɗa bakunan da suka rabu take yi na ɗan lokaci.

Duk da haka, kafin ki fita, ki jona shi a wayar wani ki ji. Ki kuma leƙa ramin wayarki da tocila, don ƙurar hunturu da burbushin yadi kan taru a ciki su hana filogi shiga har ƙarshe. Tsinken sakace ya isa, ban da allura. In matsalar na nan, ki kunna karatu, ki bi igiyar da yatsu biyu kina ɗan lanƙwasawa tun daga filogi har zuwa kunne. Inda sauti ya yi ƙaras-ƙaras, ki ɗaura zare a wurin. Da wannan zaren za ki je wa mai gyara.

Gyaran kansa ba ya cin minti 15 a hannun wanda ya iya. A yanke igiya kamar gaɓa biyu ta yatsa sama da inda ta karye, a jefar da tsohon filogi, a liƙa sabo da dalma. Sunansa filogi mai milimita 3.5. Ki ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin naki: biyu, babu makirfo, uku, akwai. Irinsa za a sa. In ba a samu sabo ba, a yanko daga wani mataccen iyafis, ba ya ƙarewa a durowar masu gyara.

Wa za ki kai wa? A nan ne zan faɗi abin da wasu abokan sana'a ba za su so ba. In kika nufi samarin nan masu gyaran waya na wajen kasuwar Wunti da rana tsaka, mutum biyar na jiran a canja musu gilashi, da yawansu ko karɓa ba za su yi ba, za su ce miki ba ya gyaruwa. Ba ƙarya suke nufi ba, lissafin lokacinsu suke yi. Ki nemi dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, ko yaron shago da ke koyon aiki, kuma a je da safe.

Akwai wani sirri a aikin da ke kayar da masu gwadawa a gida. Wayoyin nan an shafe kowanne da wani siririn fenti don kada su taɓa juna: galibi ja na dama, kore ko shuɗi na hagu, mai launin jan ƙarfe kuma na tarayya, ko da yake ba kowane kamfani ke bin wannan ba. Ina yaron shago, zamanin da Walkman, 'yar na'urar jin kaset ta aljihu, ke tashe, wani ɗan makaranta ya kawo nasa. Na yanke, na murɗe launi da launi, na naɗe tsaf, na jona: shiru kamar an aiki bawa garinsu. Sau uku ina warwarewa. Maigidana yana kallona ta saman tabarau bai ce komai ba, sai da na fara zufa. Sannan ya karɓa, ya tara ɗigon dalma a bakin ƙarfe mai zafi, ya nutsa bakin wayar a ciki. Wani ɗan hayaƙi ya tashi, wayar ta fito fari tas kamar azurfa. Ya ce, "Fenti kake ta haɗawa da fenti." Wasu da ashana suke ƙona fentin, yana yi, amma in wuta ta daɗe wayar takan yi gautsi.

Kada ki bar shagon sai kin gwada. Mai gyara na ƙwarai zai ɗora mitar awon lantarki, kowane kunne ya nuna masa kusan 16 zuwa 32 a ma'aunin da ake kira om, wanda shi ne na yawancin ƙananan hedifon. Ke kuma ki sa a kunne. In kika ji murya tana fitowa kamar daga cikin rijiya, sai kin danne maɓallin makirfo ta washe, to an juya biyu daga wayoyin da aka liƙa a filogi. A wayoyin salula na yanzu jerin daga tsinin filogi shi ne hagu, dama, na tarayya, sannan makirfo. Tsofaffin Nokia da dama sun musanya biyun ƙarshe, har yau ana cin karo da filogi mai wancan tsarin.

Salatif ɗin da yaronki ya sa, Allah ya yi masa albarka, amma zafin Bauchi na watan Afrilu narkar da gam ɗinsa yake yi ya bar miki danƙo. Sufa gulu ya fi shi ɓarna, don yana sandarar da wurin, sai karayar ta koma gefensa. Ki ce a zura wa gindin sabon filogin robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. In babu, sifirin na cikin mataccen biro yana aiki sosai. Kuma in da zaɓi, ki ɗauki filogi mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu, ya fi miƙaƙƙe jure aljihu.

Inda zan ce maigida ya yi nasara: in kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, ko robar igiyar ta fara tsattsagewa ko'ina, ko lasifikar na kakkarwa in an ɗaga sauti. In ya kai ga saye, ki je da wayarki ki gwada a gaban mai shago, ki karɓi rasit, ki tambayi garanti, don jabu ya yi yawa. Mai igiyar da ake cirewa ya fi, ta lalace a sauya ta kaɗai. Kada kuma araha ta sa ki raina abu. Akwai wani ɗan siririn hedifon na kamfanin Koss na Amurka, Porta Pro, tun 1984 ake sayar da shi kusan ba a canja masa kama ba, masu shi soso da igiya kawai suke sauyawa.

Sai abu biyu da ba ki tambaya ba. Ki riƙa bi da igiyar ta cikin mayafi ki kama ta da fil, kada ta yi lilo kusa da ƙafar keke. Sannan ƙarar keke na sa mutum ya yi ta ƙara sauti bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarfin sauti na desibel 80. Ba ki da abin awo, na sani. In yarinyar da ke miki guga tana jin abin da malam ke faɗa, ki rage.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Iyafis ɗina na Bluetooth ne, marar igiya, shekara biyu ke nan. Na dama ba ya caji sai ya ga dama, in ya yi ma minti 20 ya mutu.
Daga wani ɗalibin ATBU, Yalwa.

AMSA: Ɗana, ka fara goge 'yan ɗigon ƙarfen da ke gindinsa da na cikin akwatin da busasshiyar auduga, gumi da dauɗar kunne kan rufe su. Wannan zai iya magance rashin cajin. Amma mutuwa a minti 20 bayan shekara biyu, batir ne ya tsufa, kuma an manne shi da gam a wurin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ba na ba ka shawarar ɓarke shi. Ka yi amfani da na hagun kafin aljihu ya yi nauyi, na gaba kuma kada ka bar shi a rana.

TAMBAYA: Soson kunnen hedifon ɗina ya ruɓe yana zuba mini baƙin gari a wuya, sauti dai lafiya.
Daga wani mai shagon kwamfuta, Gwallameji.

AMSA: Wannan ba aikina ba ne Alhaji, aikin tela ne. Ka auna faɗin kunnen, ka samo ɓallin katifa mai laushi, a yanka maka zagaye biyu, a ɗinka musu 'yar riga da yadi mai shara-shara a sa roba a baki. Da Hajiyar Fadaman Mada ta ba ni izini da na tura ka wurinta, ka biya ta da sabon filogi.